Sunan da Ke Jikin Kwandon Tumatir

Ni ban yi boko ba, allo ma iya abin da zan yi salla da shi na samu. Abin da kuke karantawa bakina ne, hannun na jikata ne, kuma mun yi da ita cewa duk inda na ce ta tsallake, ta tsallake. Akwai suna guda a cikin labarin nan da ba za ku ji ba. Kada ku ɗauka mantuwa ce.

A ruga aka haife ni, can gindin duwatsun Doguwa, aka kawo ni aure gidan manoma a wani ƙauye da yanzu ruwan Tiga ya kwanta a kansa. A gidanmu mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba wanda ya tsaya a kanki da sanda a kan haka. Mun tashi mun ga iyayenmu suna yi, muka yi, har baki ya saba, ko a mafarki sunan ya zo sai harshe ya kauce masa. Mijina, Malam nake ce masa har ya bar duniya. Ɗana na fari kuwa yaron nan nake cewa, shi ma ba a daɗe ana faɗa ba. Bai fara tafiya ba baƙon dauro ya ɗauke shi. Aka rufe shi a bayan gari kusa da wata ɗorawa, kuma da aka tashe mu saboda dam, da ɗorawar da kabarin duk suka koma ƙarƙashin ruwa. Na haifi mata bayansa, suka rayu, suka tafi gidajen aurensu a Ƙofa da Kiru. Sunansa kuwa ya zauna a cikina bai taɓa fitowa ba. Ko wani na haɗu da shi mai irin sunan, sai in ce masa Mai Suna, mu gaisa, in wuce.

A sabon matsuguninmu Malam ya samu fili a gonakin rani da ke shan ruwan dam. Filin ba irin na gado ba ne. Ƙungiyar manoman rani ce ke rabawa, ita ke rubuta wanda ke riƙe da kowane fili, ita ke cewa a sakar masa ruwa. Da wannan filin muka rayu: albasa, tumatir, wata shekarar alkama. Da 'yata ta tsakiya ta rasu aka kawo mini 'ya'yanta, da shi muka ciyar da su. A lokacin girma ya kama ni, ba mai hana ni fita, sai na zama ni ce mai dashe da cire ciyawa, Malam na ban ruwa.

Shekara da shekaru a takarda ake rubuta masu filaye, kuma takarda ba ta musu da wanda ya riƙe alƙalami. Mutum ya kwanta da gonarsa, ya wayi gari sunan wani ne a kai. Mun ga tsofaffin da aka yi wa haka. Saboda haka da aka kawo wa ƙungiya kwamfuta, a shekarun nan da man fetur ya yi wuya ana kwana a layi, manoma suka taru suka ce ba su yarda a zuba sunayensu a ciki ba sai an yi wa kowa kulle nasa. Aka yi haka. Kowane mai fili ya je ya ba injin wata kalma da shi kaɗai ya sani. Duk ranar da za a taɓa bayanin filinsa, ko a sauya mai shi, sai injin ya tambayi suna, ya tambayi kalma, sannan ya buɗe. Malam ya yi yaƙi da jahilci yana saurayi, yana iya haɗa baƙaƙe, da hannunsa ya sa tasa. Ya dawo bai ce mini komai a kan kalmar ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai da ciwonsa ya yi nauyi. Wata rana da la'asar ina ba shi kunu, ya ture ludayin ya ce in matso.

"Kalmar nan da na ba injin ƙungiya," ya ce, "sunan yaron nan ne. Na ƙarƙashin ruwa."

Na ajiye ludayin a cikin kunun.

"Na duba ne na ga duk garin nan ba wanda zai kawo shi a ransa sai ni da ke. Kada ki gaya wa kowa. Ko ƙanena."

"To, Malam," na ce.

Iyakar maganar ke nan. Bai kai girbin dawa ba.

Na fita takaba sanyi ya fara shigowa, lokacin sakin ruwa ya ƙarato. Tun ina cikin takabar na sa aka yafa mini irin albasa a bayan gida, ina ba shi ruwan rijiya da gwangwani, ya fito kore shar. Iri kuwa ba ya jiran kowa. In ya isa dashe ba a dasa shi ba, sai ya yi tsawo ya tsufa a tsaye, ko an dasa daga baya ba ya yin kai. Na ɗauki katin filin Malam na ɗaure a bakin zane, na nufi ofishin ƙungiya.

Ɗaki biyu ne a bakin titi, da benci a waje inda manoma ke zama. Akawun mace ce, 'yar Tudun Wada, da jaririnta kwance a tabarma ƙarƙashin tebur. Ta taso ta rusuna ta yi mini gaisuwar rashi, ta ba ni kujera. Sannan ta yaye zanen da aka lulluɓe injin da shi, ta kunna. Ya yi ta gurnani kamar tukunyar da ta fara tafasa, can gilashinsa ya yi haske. Ta ce mini a cikinsa akwai rumbu guda da aka zuba bayanin kowane fili, amma rumbun ba a shiga sai an amsa tambaya biyu. Ta nuna mini da bakin biro: gurbi biyu ne dogaye, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ta dubi katin ta ƙwanƙwasa, baƙaƙe suka fito a na sama.

"Wannan sunan mai fili ne, Iya, na sa miki. Na ƙasan kalmarsa ce. Ita ke za ki sa."

"Ki sa mana, 'yar nan, ke da hannunki ya saba."

"Ba a yarda in sani ba. Ranar da na san ta mutum ɗaya, gobe za a ce na san ta kowa, a koma gidan jiya."

"To ke ba ki san ni ba ne? Da Malam ya zo sa kalmar, ba ke kika ba shi ruwa ya sha ba? Ya gaya mini."

"Ni na san ki, Iya. Shi ne bai san ki ba. Ko shugaban ƙungiya ne ya zo sai ya tambaye shi, ranar nan har fushi ya yi."

Na dubi abin nan da kyau. Raina ya so ya ɓaci, sai na tuna tsofaffin da aka ƙwace wa gonaki a takarda. Na ce a raina, da tun farko irin wannan mai gadin aka ajiye a ƙofa, wanda ba ya duba rawani ba ya duba zobe, da waɗansu sun mutu da filayensu.

"Malam ya bar miki kalmar kuwa?" ta tambaye ni.

"Ya bari."

"Ai shi ke nan. Ki sa wanda kika amince da shi ya rubuta miki a 'yar takarda, ki zo ki kwaikwaya. Sai dai ki sani, wanda ya rubuta ya sani."

"An ce kada in gaya wa kowa. Ko ba a ce ba ma, ba ta faɗuwa a bakina."

Ta sunkuya ta dubi jaririn nan na tabarma, wanda tun da na shigo ban ji ta kira sunansa ba, sai dai ta ce kai, ta ce malam. Ta ɗago ta dube ni, ba ta ƙara tambayata ba.

Ta gaya mini abin da zai biyo baya in kalmar ba ta shiga ba. Sai kwamiti ya zauna, a kawo shaidu, sannan a aika Kano wanda ya haɗa injin ya zo ya buɗe da nasa mabuɗin. Shi kuwa ba ya zuwa sai bayan an gama rabon ruwa. Kafin nan ba a barin fili ya kwana, ana ba wa namiji mafi kusa da mamacin aro ya noma. Na san wane ne namijin. Na kuma san yadda aro ke ƙarewa a hannunsa.

Da yamma sai ga shi, ƙanen Malam, da rake a kafaɗa ya kawo wa yara. Tun ina amarya muke wasa da shi, bakinsa ba ya hutawa.

"Matar Yaya, an ce kin je kin gaida talabijin ya ƙi amsa miki."

"Ya amsa. Cewa ya yi in gaishe ka, wai yana jin labarin surutunka."

Ya yi dariya ya zauna a kan turmi. "Ki bar wahalar da kanki. Raɗa mini za ki yi a kunne, ni na ɗan taɓa firamare. In shiga in buɗe, in noma, duk abin da aka samu in riƙa auno muku."

"Kamar yadda kake auno mana daga gonar tudu da ka ara tun kafin a yaye autata?"

"Wannan ai ƙasar ce ta mutu."

"Allah ya ji ƙanta. Na ga dawar da gawar ta yi bana, har ta fi ka tsawo."

"To in ba ki faɗa ba, ya za ki yi? Ke ko alif na boko ba ki sani ba."

"Ka sha rakenka," na ce.

Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Yana da iyali da yawa, filinsa kaɗan ne, kuma a ganinsa mace da tsufa ba ta riƙe gonar rani. Amma in ya buɗe da hannunsa, sunan da zai zauna a kan filin nasa ne, ni da marayun nan mu koma jiran mudu.

Na yi kwanaki ina juya abin. In faɗa ba zan faɗa ba. In rubuta ban iya ba. Ina ba irin nan ruwa da safe ina ganin ya ƙara tsawo.

Ranar kasuwa na bi ta wurin da ake lodin tumatir a bakin titi, inda motocin kudu ke tsayawa. Akwai wani dillali a nan, mai kwanduna da yawa, wanda sunansa ɗaya da yaron nan. Shekaru ina ce masa Mai Suna, shi ma ya saba har yana amsawa da fara'a. Na same shi a tsugune da gwangwanin shuɗin fenti da wani tsinken itace da ya tauna bakinsa, yana shafa wa sababbin kwanduna zane a ciki ɗaya bayan ɗaya. Na wuce shi har na yi nisa. Sai ƙafata ta tsaya. Na dawo.

"Mai Suna, sannu da aiki. Wannan zanen da kake yi musu, ado ne?"

"Ina ado, Iya. Sunana ne. In ba haka ba, kwandon da ya tafi kudu ya tafi ke nan, wani ne zai ce nasa ne."

"Sunan naka na yanka, ko wanda abokanka ke tsokanarka da shi?"

"Na yanka, shi kaɗai. Ko na babana ban ƙara ba, kada fentin ya ƙare."

"Haka kowa ke rubuta shi, ko kai ne ka ƙirƙiro naka?"

"Haba Iya, ko a Kano haka yake. Ko makaranta za ki shiga ne?"

"In na shiga, kai zan fara kora daga aji."

Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa na tsaya ina kallon kwandon da ke gabana. Shekara nawa ina wuce kwandunan nan a bakin titi, a kan mota, a kan jaki, ban san sunan ɗana ne ke wucewa ta gabana ba. Ran nan na fara ganinsa da ido. Gajere ne, shuɗi, fentin yana ɗan zirara ta tsakanin saƙar kwandon. Na gyara lulluɓina na tafi gida, ban sayi abin da ya kai ni kasuwar ba.

Kashegari na kwaɗa zogale na ɗauka a kwano na je na zauna kusa da masu lodi kamar mai talla. Zogalen ya ƙare ban tashi ba. Idona na kan hannun Mai Suna. Na lura daga hagu yake farawa, ba kamar yadda malamai ke yi a allo ba. Na lura da wanda yake fara zanawa, da wanda ke bin sa, har na ƙarshe. Ina yarinya a ruga ni ce mai yi wa ƙoren innata zane da ƙarfe mai zafi, kuma duk zanen da na gani a ƙwaryar wata a kasuwa, in na dawo sai na fitar da shi. Idon nan bai mutu ba. Ba zan gaya muku kamannin baƙaƙen ba, don a cikinku akwai masu wayo.

Kullum da safe in na sauke tukunya, yara sun tafi, sai in baje toka a gaban murhu in zana da yatsa. In zana in shafe, in zana in shafe. In na ji sallama sai in taka wurin da ƙafa. Na koma wurin lodi na gwada abin da ke kaina da abin da ke jikin kwando, na ga ɗaya na juya masa baya, na dawo na gyara.

Da na tabbata sun zauna, na koma ofis. Na tarar babu wuta, injin na lulluɓe, akawun na ba ɗanta nono. Na ce mata ba komai, ta buɗe mini allon nan mai maɓallai in gani kawai. Ta ɗauko ta ajiye mini a cinya. Baƙaƙe ne birjik, kowane a ɗan gidansa, ba a jere su yadda mutum zai zata ba. Na bi su layi layi da ido har na ga nawa. Ban taɓa ko ɗaya ba, don akwai masu leƙe ta taga. Na riƙe wurarensu yadda muke riƙe turken kowace saniya a ruga, wannan a gefen hagu, waccan a tsakiya kusa da 'yar uwarta, ko da asuba ka fito ka san inda za ka same su.

"Iya, kin ga abin da kike nema?" ta ce.

"Suna nan duka. Yaushe wutar za ta zo?"

"Gobe za a tayar da janareta, an samo mai. Ki zo da wuri, jibi za a rufe rabon ruwa."

Na zo da wuri, amma ƙanen Malam ya riga ni. Yana kan benci da waɗansu manoma, ya ce wai katinsa ya zo sabuntawa. Na gaishe su na shige. Janareta na ta ƙara a bayan ɗaki. Akawun ta kunna injin, gurbin nan biyu suka fito, ta sa sunan Malam a na sama. Ta nuna mini wani babban maɓalli a gefen dama, ta ce in na gama in danna shi. Ta ce in sani, injin yana yafe kuskure sau biyu, a na uku kullewa yake, sai mutumin Kano. Sannan ta ɗauki ɗanta ta juya kujerarta ta fuskanci bango.

Na yi bisimilla. Ni duk abin da hukuma ta taɓa nema a hannuna dangwala ce. Ranar zaɓe, ranar karɓar taki, ranar katin asibiti, kullum abin da ake ce mini shi ne, Iya danna sosai, ki murza, kada ya ƙi fitowa. Saboda haka na sa babban yatsana a kan baƙin farko na danna da ƙarfina, na murza shi dama da hagu. Na yi wa na biyu haka, har na ƙarshe. Ban ɗaga kai na dubi gilashin ba, idona na kan turakuna. Na danna babban.

Injin ya yi wani ɗan kuka kamar ɗan tsako. Akawun ta waiwayo ta ce bai karɓa ba, in sake a hankali. Ta share, ta juya.

Na ce a raina ƙila ban danna sosai ba ne. Na ƙara ƙarfi, har allon yana motsi a kan tebur. Ya sake yin kukan nan.

Daga waje na ji muryar ƙanen Malam. "Matar Yaya, ko a kawo miki tabarma ne? Na ga kamar kwana za ki yi."

"Ka kawo, ka haɗo da filin tudu," na ce. Na ji 'yan benci suna dariya.

Akawun ta juyo, fuskarta ba dariya. Ta dubi gilashin. Abin da mutum ya sa a gurbin ƙasa ba ya fitowa da kamanninsa, sai waɗansu 'yan taurari, don kada na tsaye ya karanta. Gurbin nawa ya cika da su maƙil daga wannan baki zuwa wancan.

"Iya, kalmar taki doguwa ce haka?"

"Gajeriya ce."

"To ya kike dannawa? Nuna mini a nan kan tebur, ba a kan allon ba."

Na dangwala mata a kan katako, na murza. Ta rufe bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta suna motsi, sannan ta saki.

"Allah sarki. Iya, wannan ba dangwala ba ce. In kika daɗe a kai, yana ɗauka kina ta maimaitawa ne, sai ya yi ta zubawa. Taɓawa za ki yi ki ɗauke, kamar yadda kike taɓa murfin tukunya ki ji ko ya yi zafi. Taɓawa ɗaya, tauraro ɗaya. Ki riƙa duba gilashin." Ta sake duban gurbin. "Saura ɗaya fa. Ko za ki je gida ki huta, ki dawo da yamma?"

"Irina ya kai gwiwar yaro. Share mini."

Na ajiye babban yatsa, na fito da manuni, wanda nake zane da shi a toka. Na gwada a kan katako, taɓa ɗauke, taɓa ɗauke, har ta ce haka ne. Ta share gurbin. Ta juya ta fuskanci bango, ta sa ɗanta a kafaɗa, shi kuwa ya zuba mini ido ta bayan wuyanta.

Na taɓa na farko. Tauraro ɗaya ya fito, ya tsaya shi kaɗai. Na taɓa na biyu. Ban san lokacin da abin ya faru ba, sai na ji ina kiran sunan a cikin ƙirjina, a hankali, yadda ban kira shi ba ko ranar da ake rufe shi. Leɓɓana a rufe suke. Na kai na ƙarshe, na dubi taurarin, 'yan kaɗan ne a jere a gefen hagu, sauran gurbin fili. Na taɓa babban maɓallin.

Bai yi kuka ba. Gilashin ya ɗauke, ya dawo cike da rubutu.

"Ya buɗe," akawun ta ce, tun kafin ta gama juyowa. Ta matso da kujera ta bi rubutun da biro. Ta karanta lambar fili da girmansa da abin da aka shuka bara. Sannan ta zo wani layi ta ce, wanda zai riƙe fili bayan mai shi. Ta karanta sunana, na yanka, da na mahaifina. Na daɗe ban ji shi a bakin kowa ba, kowa Iya yake ce mini. Malam ma bai taɓa kirana da shi ba, ashe ya iya rubuta shi.

Ta ƙwanƙwasa abin da za ta ƙwanƙwasa, sai gurbin nan biyu suka sake fitowa, yanzu sunana ne a sama. Ta ce injin yana neman sabuwar kalma, tawa ta kaina, in sa sau biyu don ya tabbata. Ta ce in zaɓi wadda ba zan manta ba. Ta juya bango. Ban yi dogon tunani ba. Baƙaƙen da na sani a duniya ke nan, kuma ba na neman waɗansu.

Na fito da 'yar takardar da za a kai wa mai buɗe ruwa. Ƙanen Malam ya dubi takardar, ya dube ni.

"Wa ya koya miki?"

"Talabijin ɗin ne. Mun saba."

Ya girgiza kai ya yi 'yar dariya, ba ta kai ciki ba. Ya yi kwanaki bai shigo gidan ba. Amma ranar dashe sai ga shi da fartanya, yana mita wai fangalan ban ruwa da na ja a karkace suke, ya gyara su har azahar, ya ci tuwo ya tafi.

Ranar da aka sakar mana ruwan, ya iso filin da hantsi, yana tura busasshen ganye a gabansa. Na tsaya a bakin kwata na ga ya shiga fangali na farko ya kwanta, na sunkuya na sa hannu a ciki. Daga dam ya taso, ta kan tsohon garinmu. Irin ya ɗan wuce lokaci, na gefen rijiya da ya fi tsawo bai yi kai ba, sai ganye muka ci. Sauran ya yi. Albasar shekarar nan ita ta kai mu damina, har na ɗinka wa yaran kayan salla.

Daga nan kowace shekara in lokacin sabunta kati ya yi, ni nake zuwa da ƙafata. Akawu ya sauya, injin ma an sauya shi da wani, amma tambayar ba ta sauya ba, suna a sama, kalma a ƙasa, kuma duk wanda ke kan kujerar sai ya juya mini baya.

Da aka kwashe albasar farko na je wurin Mai Suna na ce ya sayar mini da tsohon kwando guda, wanda gindinsa ya fara lalacewa. Ya ce in ɗauki sabo mana, wanda bai shafa wa fenti ba. Na ce wannan nake so. Yana ɗakina har yanzu a bayan gado, ina ajiye irin albasa a ciki, gefen rubutun yana kallon bango.